Hoton Direban da Ya Ƙi Buɗewa

Ranar Litinin da ƙarfe takwas da rabi aka gane an sace tayoyin tirela ɗari biyu, kuma ba a fasa ƙofa ba, ba a karya kwaɗo ba. Ta ƙofar gaba suka fita ranar Juma'a da rana tsaka, maigadi ya ɗaga musu shinge har yana yi wa direban fatan sauka lafiya. Wanda ya tsaya yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya ana loda wa ɓarawon a mota kuwa shi ne Baba Sito, mutumin da ya shekara talatin da ɗaya riƙe da makullin siton kamfanin, ba a taɓa neman ko murfin bawul ɗin taya an rasa ba.

Daga babban ofis aka bugo waya. Sun ga takardar fitar da kaya mai lamba 492, sun duba ba su ga wanda ya yi odar kayan ba. Lambar motar ta bogi ce, direban babu shi a duniya. Kafin Baba ya gama jin labarin, Manaja ya kira 'yan sanda.

Tsarin wurin ba shi da wuya. Duk direban da zai ɗauki kaya sai ya yi rajista a shafin kamfanin na intanet, ya tura hotonsa da na lasin ɗinsa. Sakatariya ta buɗe hoton ta duba, ta amince, sannan ta ba da takardar fitar da kaya. Takardun sukan taru, ta buga su gaba ɗaya a wata tsohuwar firinta mai kuka kamar ana tsaga kwano, ta zuba su a faranti bakin taga, kowane direba ya tsinci tasa. Falle biyu ne. Fara ta direba, rawaya ta Baba, shi kuma ya soke ta a wata doguwar ƙusa da ke kan teburinsa.

Sufeton da ya zo siriri ne, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma zama. Da Baba ya fara.

"Kai ka loda?"

"Ni na loda, ranka ya daɗe."

"Ka san direban?"

"Ban san shi ba. Takarda na sani. Takardarmu ce, firintarmu ce, lambar ta bi 'yan uwanta."

"Tayoyi ɗari biyu ga baƙon ido, ba ka tambayi kowa ba?"

"Ranar Juma'a mota talatin ke shigowa. In na ce zan tambayi asalin kowa, a nan za mu kwana."

Sufeto ya rubuta wani abu, ya dube shi irin duban da ke cewa ban gama da kai ba, ya wuce ofishin Sakatariya. Ofishin manne yake da sito, bango ɗaya ya raba su.

Ita Sakatariya 'yar wani direban kamfanin ce da ya rasu, abokin Baba tun suna kan hanya tare. Baba ne ya kawo ta aikin. Tana tsaye jikin durowa ta yi zuru-zuru.

"Sunanki ne a kan 492," in ji Sufeto. "Ƙarfe biyu da minti goma sha huɗu."

"Ban ba da ita ba."

"Wa ya san lambar sirrinki?"

"Ba kowa."

"Kin tashi daga kujerar?"

"Ko ruwa ban tashi na sha ba, yallaɓai."

"To, ke ce a zaune, ke kaɗai kika san lambar, sunanki ya fito. Me kike so in rubuta?"

Manaja na bakin ƙofa, ya harɗe hannuwa, turarensa ya cika ɗakin. Ya girgiza kai cikin jimami ya ce shi yarinyar nan kamar ƙanwa ya ɗauke ta. Sufeto ya nuna wata kwamfuta mai ƙaton ƙeya a kan teburin, ya tambaye shi ko da ita ake aikin.

"Ni wannan tsohuwar gwangwanin ko taɓa ta ban taɓa yi ba," in ji Manaja. "Ko kunna ta ban iya ba. Ita dai ta san kayanta."

Aka tafi da Sakatariya. Sufeto ya ce ranar Laraba da safe za a kai ta kotu, in kuma an kai ta, sai gidan yari ajiya.

Baba bai yi boko mai nisa ba, aji huɗu ya yi aka cire shi. Amma ya yi kwandasta, ya yi direba, ya kwana a kan iyakoki da tashoshin da ko a taswira ba a sa su ba, ya ga ɓarayi masu wuƙa ya ga masu biro. Abin da ya koya shi ne, duk satar da ta fita ta ƙofar gaba, daga cikin gida aka buɗe mata. Ya rufe sito, ya bi su caji ofis.

Sai da ya roƙi wani kofur kafin aka ba shi minti biyar.

"'Yar nan, bar kukan, lokaci muke da shi kaɗan. Ki faɗa min Juma'a tun daga safe. Har abin da kike ganin ba komai ba ne."

Ta share fuska da gefen mayafi. "Ba abin da ya faru, Baba. Sai dai aikin ya yi min nauyi, don sabuwar kwamfutar ba ta nan."

"Tana ina?"

"Sukudireba mai gyara ya ɗauke ta ran Alhamis, wai tana zafi. Da ita nake duba hotuna. Tsohuwar ta firinta ce kawai, don firintar ba ta jituwa da sabuwar. Ran Juma'a dole na haɗa komai a tsohuwar."

"Ke kika ce tana zafi?"

"Ni ban ce ba."

"Sai me?"

Ta ɗaga kai. "Wani hoto ya ƙi buɗewa. Wajen ƙarfe biyu da wani abu."

"An saba haka?"

"An saba. Amma in hoto ya lalace, kwamfuta takan nuna wata 'yar alama ta ce ba za ta iya nuna shi ba. Wannan fari fat ya fito, kamar takarda. Na jira, ba komai, na rufe na ci gaba."

Baba bai san me farin shafi ke nufi ba. Abin da ya sani shi ne abubuwa biyu da ba a saba ba sun haɗu a rana ɗaya, shi kuwa bai taɓa yarda da irin wannan haɗuwar ba.

Shagon Sukudireba na bayan gidan mai, tsakanin mai faci da mai wankin mota. Ana kiran sa haka ne don kullum da sukudireba maƙale a bayan kunnensa. Kwamfutar Sakatariya na kan kantar shagon, an ɗora mata kofin shayi.

"Me ka samu a cikinta?"

"Baba, lafiyarta ƙalau. Ta fi ni lafiya."

"To me ya sa ka ɗauko ta?"

"Manaja ya kira ni, ya ce Sakatariya ta yi ƙorafi. Ya ce in riƙe ta zuwa Litinin in duba da kyau."

"Ko kai ka ba shi shawarar?"

Sukudireba ya zare abin daga kunnensa. "Haba Baba! Ni da na gyara maka rediyo sau uku ban karɓi ko na gode ba?"

"Na gode. Amsa min."

"Wallahi shi ya kira. Ga wayata, duba."

Baba ya duba, kiran na nan. Amma kira ba ya nuna abin da aka faɗa a cikinsa. Ya bar Sukudireba cikin lissafinsa, bai cire shi ba.

Saura mutum ɗaya, wanda ya gina shafin. Injiniya ake ce masa, ofishinsa ɗaki ne guda a saman kantin magani, fanka na juyawa a kan tulin wayoyi. Ya haura arba'in, ga furfura a gemu, ga taka-tsantsan irin na wanda 'yan sanda suka riga suka kira. Da Baba ya ambaci farin shafi da tsohuwar kwamfuta, sai ya ajiye biron da ke hannunsa. Ya yi 'yan danne-danne, ya jingina da kujera, ya rufe ido.

"Ba hoto ba ne," ya ce.

"Yi min da Hausa."

"Hotunan direbobi suna ajiye a wata kwamfuta da muke kira saba. Ita ce sito. Abin da Sakatariya ke buɗewa ta ga shafi kuma, shi ne burauza, mai karɓar kaya. Duk abin da saba za ta aiko, sai ta haɗo shi da ɗan rubutu a gaba: wannan hoto ne, wannan shafi ne, wannan bidiyo ne. Da wannan rubutun burauza ke sanin yadda za ta yi da shi."

"Webil ke nan," in ji Baba. "Takardar rakiyar kaya."

"Ita ce."

"Wa ke rubuta ta?"

"Saba. Tamu kuma ba ta buɗe kwali. Ƙarshen sunan fayil take dubawa. In sunan ya ƙare irin na hoto, sai ta rubuta hoto ne."

"Ashe ragon ma'aji gare ku. In na zuba duwatsu a kwali na rubuta sabulu fa?"

"Sai ta aika da sunan sabulu."

"Mai karɓa fa?"

"Nan maganar take. Burauzar zamani in an ce mata hoto ne, a hoto za ta tsaya. Ta gwada nuna shi, in ya ƙi ta ce ya lalace, magana ta ƙare. Takan leƙa ciki in kaya ya zo ba takarda, ko takardar ba ta fayyace ba. Amma waccan tsohuwar da ke ofishinku, an yi ta ne a zamanin da sabobi da yawa ke rubuta shirme, sai aka koya mata kar ta yarda da takarda. Takan ɓanɓare gefen kwali ta leƙa haruffan farko. In ta ga sun yi kama da shafi, sai ta ce ai sun yi kuskure ne, shafi ne wannan, ta buɗe shi a matsayin shafi."

"To ai wayo ta yi."

"Wayon ne ya kashe mu. Hoto kallonsa kawai ake yi. Shafi kuwa yana iya ɗauke da umarni, kuma burauza bi take yi. Wannan fayil ɗin sunansa na hoto, cikinsa umarni: ba da takardar tayoyi ɗari biyu ga mota kaza. Sakatariya ta riga ta shiga da lambar sirrinta, don haka saba ta ɗauka ita ce ta danna. Ita kuwa fari kawai ta gani."

Baba ya daɗe yana kallon sa. Bayanin ya zauna, ya ma zauna da yawa. Mutumin da ya san ramin da kyau haka, ai zai iya zama shi ya haƙa.

"Injiniya, a garin nan mutum nawa suka san wannan?"

"Na gane inda ka dosa. Ni ne na farko."

"Kai ka faɗa."

"Laifina ɗaya, ban sa saba ta riƙa buɗe kwali ba. Akwai ma layin da ake ƙarawa a takardar a ce wa burauza kar ta leƙa, amma waccan ta tsufa da jin sa. Shi ya sa wata shida da suka wuce na ce a yar da ita. Ni a sanina an yar. Yau na fara jin tana raye." Ya jawo durowa ya zaro takarda shafi biyu. "Ga wasiƙar. Manaja ya ce ba zai sayi sabuwa ba sai na rubuta masa dalili dalla-dalla. Na rubuta har da misali."

"Wane misali?"

Injiniya ya nuna shafi na biyu. "Na ce wani zai iya turo hoton bogi."

"Madalla da malami," in ji Baba. "Wa ya karanta?"

"Shi na ba wa. Ban san wa ya nuna wa ba."

A ranar Baba ya kai wa Sufeto wannan labari. Sufeto ya saurara a tsaye, ya ce duk wannan ya nuna yadda aka yi ne, bai nuna wanda ya yi ba. Yarinyar ma za ta iya tura wa kanta hoton don ta samu abin fakewa. Injiniya zai iya. Mai gyara zai iya. Shi Manaja ya riga ya ce Sakatariya ce ta yi ƙorafin zafi, maganarsa da tata, wa za a ɗauka? Laraba dai tana nan.

Washegari Talata Baba ya buɗe sito da wuri, ya zauna gaban ƙusarsa bai kunna rediyo ba. Tunani yake irin na tasha. Ya san masu webil ɗin bogi. Ba wanda ke fara gwada sa'arsa da cikakkiyar mota. Sai ya fara wucewa da kwali ɗaya, ya ga ko ƙofa za ta buɗe.

Ya zare takardun daga ƙusa, ya baje su a ƙasa. Rubutu yana ba shi wahala, amma lamba ko a barci. Ya bi su da yatsa yana komawa baya. 420, 419, 418, 416.

Babu 417.

Ya tuna. Mako biyu da suka wuce ya tambayi Sakatariya, ta ce wataƙila an soke ta ne. 416 ta Talata ce, 418 ta Alhamis. Larabar da ke tsakani kuwa Sakatariya ba ta zo ba, ta kai mahaifiyarta asibiti, ba a fitar da kaya ba ranar. Sai wani abu ya faɗo masa, ƙaramin abu da ya ba shi haushi a ranar ya manta. Ya juya ya dubi bangon bayan kujerarsa, ya daɗe yana kallon soket ɗin da ke wurin. Sannan ya ɗauki waya.

"Injiniya, sabar taka tana rubuta masu shiga da fita, kamar maigadi?"

"Tana rubutawa."

"Duba min Laraba, mako biyu baya. Tsakanin ɗaya da biyu."

Injiniya bai yi minti goma ba ya kira, muryarsa ta canza. Baba ya ce kar ya faɗa wa kowa, ya zo da rana. Ya kira Sukudireba ya ce ya dawo da sabuwar kwamfuta. Ya tafi wurin Sufeto da ƙafarsa ya roƙi abu ɗaya: a gwada hoton a gaban kowa. Kafin su iso, ya zare wata baƙar wayar wuta daga soket ɗin bayan kujerarsa, ya jona rediyonsa a wurin.

Ƙarfe uku ofishin Sakatariya ya cika. Sufeto na tsaye, kofur na bakin ƙofa, Manaja na duba agogo yana cewa yana da taro. Injiniya ya fara da sabuwar kwamfuta. Ya buɗe hoton direban bogin, ta nuna 'yar alama ta ce hoton ya lalace.

"Kun gani," in ji shi. "An ce mata hoto ne, ta tsaya a hoto. Da a nan aka buɗe shi ran Juma'a, da tayoyin na sito. Yanzu tsohuwar."

Ya danna maɓallin. Shiru. Ya sake dannawa. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ɗaga faranti, ya dubi Sukudireba. Sukudireba ya buɗe baki, Baba ya taka masa ƙafa. Minti biyu suka wuce, uku. Sufeto ya fara murtuke fuska. Injiniya ya durƙusa yana laluben bango, ƙura ta ɓata masa gwiwa.

Manaja ya yi tsaki. "Kai malam, kana ɓata mana lokaci. Ba a nan soket ɗinta yake ba. Wani ya zagaya sito ya jona wayar."

Kowa ya juya ya dube shi.

"Yallaɓai," in ji Baba a hankali, "jiya ka ce ko kunna ta ba ka iya ba."

"Kowa ya san wannan."

"Sukudireba, wa ya sani?"

"Ni na huda bangon, a bayan durowar nan. Soket ɗin ofis ya ƙone, sabuwar ta cinye ɗayan, sai na zura wayar ta sito. Ni, da Sakatariya, da Baba. Ko Injiniya ga shi yana rarrafe."

"Wataƙila na taɓa gani ne," in ji Manaja. "Laifi ne mutum ya san ofishinsa?"

"Ba laifi ba ne," in ji Sufeto. Ya jawo kujera ya zauna, karo na farko tun da ya shigo kamfanin. "Ci gaba, Baba."

Baba ya je ya jona wayar ya dawo. Tsohuwar ta yi gurnani ta tashi. Injiniya ya shiga da lambar gwaji, ya buɗe hoton nan dai. Allo ya yi fari fat. Ya koma jerin takardu, ga sabuwa ta ɓullo, tayoyi ɗari biyu, ba wanda ya danna komai. Kofur ya ce, "Kai!"

Baba ya ajiye takardu biyu masu ramin ƙusa a kan tebur. "416, 418. Ta tsakiyar ba ta zo min ba. Ranka ya daɗe, ni ban san kwamfuta ba, amma na san ɓarawon takarda. Ba ya tura mota sai ya gwada ƙofa. Wanda ya yi wannan ya karanta a wasiƙa cewa tsohuwar tana leƙa kwali, amma bai gani da idonsa ba. Dole ya gwada, kuma dole a kan wannan, don sabuwar ba ta cin wannan ƙaryar. Ya jira ranar da yarinyar ba ta nan. Injiniya, faɗi abin da sabarka ta rubuta."

"Laraba, ɗaya da minti ashirin. An turo hoto, an buɗe shi da tsohuwar burauza daga ofishin nan. A daƙiƙar takarda 417 ta fito, taya ɗaya. Bayan minti biyu aka soke ta. Lambar da aka shiga da ita ta Manaja ce."

"Ƙarya ne!" Manaja ya nuna shi da yatsa. "Shi ke riƙe da sabar. Abin da ya ga dama yake rubutawa."

"Na yi wannan tunanin," in ji Baba. "Jiya ban yarda da shi ba, ban yarda da Sukudireba ba, kar ya ji haushi. Amma sabar ba ta isa ta jona waya ba. Ran Larabar nan na rufe sito ƙarfe ɗaya na tafi cin abinci, rediyona na kunne. Na dawo ƙarfe biyu na same shi a kashe, an zare shi an jona baƙar wayar. Na yi mita ni kaɗai, na ɗauka tsufa ne. Yarinyar na asibiti. Sito a kulle. Makullinsa biyu ne a duniya." Ya zaro nasa daga aljihu ya ajiye. "Ga ɗaya."

Sufeto ya miƙa hannu. Manaja ya tsaya kamar bai gani ba. Kofur ya matso, sannan Manaja ya fito da tarin makullai.

"Saura Juma'a," in ji Baba. "Gwaji ya yi, amma yarinyar ba ta duba hoto a tsohuwar. Sai a kawar da sabuwar. Manaja kaɗai ya ce tana zafi, mai gyara ya ce ƙalau take, mai aiki da ita ta ce ba ta yi ƙorafi ba. Ya zaɓi Juma'a don ya san tana buga takardu talatin a tare ba ta karantawa, ni kuma ina lodi ba na ɗaga kai. Duk ya san mu. Abin da bai sani ba, lamba in ta tsallake, ni ba na mantawa."

"Wa ya haɗa maka fayil ɗin?" Sufeto ya tambayi Manaja.

Manaja ya kawar da kai.

"Ina tayoyin?"

"Ina so in kira lauyana."

"Za ka kira shi. A can akwai waya."

Kafin la'asar ta yi sanyi ya faɗi sunan garejin. Na wani surukinsa ne a bayan gari, an samu ɗari da sittin a ƙarƙashin tamfol, sauran sun riga sun hau hanya. Fayil ɗin kuwa wani ya haɗa masa ta intanet, shi ya tura masa wasiƙar Injiniya ya ce a yi masa irin abin da aka kwatanta. Injiniya da ya ji haka ya zauna a kan matakala ya dafe kai, Sukudireba na ba shi haƙuri yana danne dariya.

Ƙarfe biyar da rabi aka fito da Sakatariya. Aka miƙo mata jakarta da wayarta a leda, ta sa hannu. Baba na zaune a benci a waje, ya ɗora hula a gwiwa. Ta zo ta tsaya gabansa, ta buɗe baki za ta yi godiya.

"Kar ki fara," ya ce. "Ni ma da hannuna a ciki. Da na ɗaga kai na dubi direban nan sau ɗaya, da ba ki kwana a nan ba."

Ta zauna kusa da shi. Ta ce, "Inna ta sani?"

"Da hawan jinin nan nata? Na ce mata kamfani ya tura ki kwas."

"Kwas, Baba? Ba jaka, ba kayan sawa?"

"Na ce na gaggawa ne."

"Ta yarda?"

"Ta ce in ke ce kika tafi kwas, ita ce matar gwamna. Ta ba ni zuwa yau da magariba in kawo mata 'yarta, ko ta zo kamfanin da kanta."

Sakatariya ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta rufe fuska. Baba ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya sa hularsa, ya miƙe yana dafa gwiwa, ya dubi inda rana ta kai.

"Tashi mu je, 'yar nan. Sufeto mai sauƙi ne a kan Innarki. Ke za ki shiga gaba."